Kunkurun da Ya Shiga Ɗakin Baba

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na ninke kayan sawata, na warware, na sake ninkewa. Na ɗora ruwan shayi na manta da shi har tukunyar ta fara ƙauri. Shi ya sa na ce bari in ɗauko waya in rubuto muku, ko zuciyata ta ɗan lafa kafin la'asar. Masu turo mini "Khairi ina kika shige kwana biyu", ku yi haƙuri, wallahi ba jan aji ba ne.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Khairunnisa, a gida Khairi. Ni ce auta, yayyena mata uku duk suna ɗakunansu, ni kuma ina koyar da 'yan nazare a nan cikin Daura, yanzu muna dogon hutu. Babanmu Malam Kalilu malami ne, kullum daga la'asar zuwa magariba yana zaure da dattawan unguwa masu ɗaukar karatu, ban da Alhamis da Juma'a. Wanda nake so kuwa Musaddiq ne, mai shagon kayan lantarki a bakin kasuwa. Jibi Lahadi ne aka tsayar kawunnansa za su zo daga Zango neman aurena. Ko in ce, haka aka tsayar kafin jiya.

Baba yana da dokoki biyu da ko a mafarki ba a taka su. Ta farko, namiji ba ya wuce zaurenmu. Ko mai gyaran sola ne, sai mun shige ɗaki, Baba ya rako shi da kansa ya tsaya a kansa. Ta biyu, ba a karɓar ko tsinke daga hannun saurayi kafin manya su shigo maganar. Ni da nake ba ku labarin nan, na taka ta biyun da ƙafata, kuma ita ce ta jawo ake zargin an taka ta farkon.

Abin ya faro ne bayan babbar sallah. Na dawo daga makaranta na tarar da Inna durƙushe a ƙofar ɗakin Baba, tsintsiya a hannu, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Na zaci wani abu take nema a ƙasa.

"Inna, me ya faɗi?"

"Kama ni in tashi," ta ce a hankali. "Bayan nan ne ya riƙe."

Da ƙyar na ɗaga ta. Ashe ta fi wata tana fama, in ta sunkuya sai ta yi da gaske take miƙewa. Na ce bari in gaya wa Baba a tafi asibiti. Ta damƙe mini hannu har sai da na ji zafi.

"Kada ki sake. Ba ki ji abin da ya ce ba ranar da yaron nan ya fara turo magana? Cewa ya yi in dai ba ni da ƙoshin lafiya, auta ba ta zuwa ko'ina. Ni kuma na ce masa garau nake. So kike ki tsufa a gabana saboda ciwon baya?"

"To ki bar ni in riƙa share masa ɗakin."

Ta kalle ni kamar na zage ta. "Ɗiya a turakar ubanta? Shekara talatin da ɗaya, Khairi, ba hannun da ya taɓa riƙe tsintsiya a ɗakin nan sai nawa."

Kun san iyayenmu. Tsakar gida da kicin da wanke-wanke duk ta sakar mini, amma ɗakin Baba, a'a. Na sayo mata abin shara mai doguwar sanda, ta gwada kwana biyu ta ce juyawar ma kashe ta take yi. Kullum in ga ta shiga tana murmushi, ta fito tana dafa bango. Abin ya tsaya mini a rai, har na kasa riƙewa na gaya wa Musaddiq a waya.

Ya rubuto: "Akwai maganin wannan a shagona."

Na ce: "Kai likita ne?"

Ya ce: "Ki biyo in kin taso gobe, ki zo da babbar jaka."

Abin da ya nuna mini wata na'ura ce baƙa, zagayayyiya, faɗinta kamar babban faranti. Tana tafiya da kanta, ta zuƙe datti, sannan ta bi da jiƙaƙƙen tsumma ta goge tayil. In cajinta ya yi ƙasa ta koma mazauninta ta zauna. Ya riga ya haɗa ta da wayarsa, ya haɗo mini da 'yar na'urar intanet mai kamar sabulu, ya ce ni dai in zuba ruwa in danna maɓalli, in wani abu ya rikice zai gyara daga shago.

"Musaddiq, ka san dokar Baba."

"Ba ke na ba wa ba, Inna na ba wa. Aro ne ma."

Na san wayo yake mini, shi ma ya san na sani. Amma na tuna Inna durƙushe a ƙofar nan, sai na buɗe jaka. Haka na shigo da ita gida a ƙarƙashin hijabina mai ruwan toka, na wuce ta gaban Baba a zaure, na tura ta ƙarƙashin gadona inda soket yake.

Ranar farko, sai da muka ji muryar Baba ta ɗauki karatu sannan na ɗauko ta. Inna ta shiga ta kwashe buzu da darduma ta ɗora a gado, ta zauna a gefe. Ni ban shiga ba, daga bakin ƙofa na tsallakar da na'urar na danna. Ta yi 'yar ƙara ta nufi ƙafar Inna kai tsaye.

"A'uzubillahi!" Inna ta ɗage ƙafafu sama. "Ke, wannan wane irin kunkuru ne?"

Sunan da ya bi ta ke nan, Kunkuru. Cikin mako guda sun saba. Inna takan zauna a bakin gado da tsintsiyarta a cinya, tana bin shi da ido tana yi masa faɗa kamar ɗan aiki. "Ka bar kusurwar can. Kai, dawo, ƙarƙashin kantar littattafai fa?" Ta ware masa tsumma na musamman don ɗakin Baba, ta ce wanda ya bi kicin ba zai taka inda Malam yake sallah ba, kuma da hannunta take wanke shi sau uku. In ya gama in ɗauke shi, ita kuma ta kunna turaren wuta ta fito da tsintsiya a hannu, ko da Baba zai leƙo.

Wata rana muna cin tuwo Baba ya ce, "Hajiya, kwana biyun nan ɗakina har ɗaukar ido yake. Ko ƙarƙashin gado na leƙa, tas. Ƙuruciya ce ta dawo?"

Inna ta yi dariya ta ce, "Kai dai Malam." Amma na ga yadda ta ajiye lomar da ta ɗauko. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni, har na turo wa Musaddiq hoton zuciya guda uku.

To ga inda wautata take. Ashe Kunkuru ba shara kawai yake yi ba, duk inda ya bi zana shi yake. Wani yammaci Musaddiq ya turo mini hoto daga wayarsa, ya rubuta: "Kalli gidanku." Taswira ce, jama'a. Ga baranda, ga ɗakin Inna, ga nawa, ga na Baba, har inda gado yake da inda kanta take da faɗin kowane lungu. Ku ce me na yi? Dariya na yi. Na ce masa, "Ashe ɗakina ne ƙarami a gidan nan." Daga baya na ɗan ji wani iri na ce ya goge, ya ce in ya goge sai Kunkuru ya koma koyon gidan daga farko yana karo da kaya. Na ce to bar shi. Ban sake tunawa da maganar ba sai jiya.

Jiya Alhamis ba karatu, Musaddiq ya zo gaida Baba bayan la'asar. Na leƙa shi ta taga yana kafe babur, ya sha shadda ruwan sararin samaniya, hula ta zauna daidai, yana ta gyara wuyan riga. Na canza atamfa sau biyu duk da na san ba ganina zai yi ba. Na haɗa kunun aya mai sanyi a tire, na tsaya bayan labulen ƙofar zaure ta ciki ina jiran Baba ya ce a miƙo.

Hira suke ta damina. Baba yana cewa ruwan shekaranjiya ya jiƙa bangon ɗakinsa, danshi ya fara kama littattafai, ya rasa inda zai mayar da kantar. Shi kuma mutumin naku, da son a ce yana da amfani, sai na ji ya gyara murya.

"Ai Malam da an mayar da ita bangon arewa. Tsakanin gado da taga akwai fili, ya kai taku huɗu, za ta shiga har da saura."

Ƙarar tasbahar Baba, wadda ba ta tsayawa ko yana magana, ta ɗauke.

"Taku nawa ka ce?"

"Hu... huɗu, Malam."

"Haka ne," in ji Baba. "Huɗu ne. Madalla. Ka gaida gida."

Ko kunun ba a karɓa ba. Na koma kicin na ajiye tire, saƙonni suka fara shigowa a jere.

"Khairi na kwafsa."

"Wallahi bakina ne ya suɓuce."

"In dawo in yi masa bayani?"

"Khairi ki yi magana mana."

Me zan ce masa? Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, tausayinsa kuma ya cika ni. Ban kai ga amsawa ba na ji Baba ya shigo. Bai wuce ɗaki ba, ya shimfiɗa buzunsa a baranda ya zauna.

"Khairunnisa."

In Baba ya kira cikakken sunana, to ba lafiya. Na zo na durƙusa nesa kaɗan, na ja mayafi na rufe kai.

"Ranar da na tafi Dutsi ta'aziyya na wuni, wa ya shigo gidan nan?"

"Ba kowa, Baba."

"Surukaina uku. Babban cikinsu shekara goma sha biyu yana auren yayarki, bai san launin labulen ɗakina ba. Wannan ko sadaki bai biya ba, ya san abin da ke tsakanin gadona da tagata. Yaya aka yi?"

"Wallahi Baba bai taɓa wuce zaure ba."

"To aljani ne ya auna masa?"

Na sunkuyar da kai. Amsar tana bakina, kalma biyu ce. Amma in na ce na'ura ce, zai ce me ta je yi ɗakinsa, kuma ƙarshen wannan tambayar bayan Inna ne. Ta roƙe ni, ta damƙe mini hannu. Na saci kallon ƙofarta, labule a sake, ba motsi. In na yi shiru kuma, Baba zai tafi da zargin na shigo da namiji har turakarsa, Musaddiq ya tafi ke nan, mutuncina ya bi shi. Ta ko'ina na juya ni ce a ƙasa. Sai hawaye kawai.

Baba bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. "Shi ke nan. Gobe zan aika Zango, kada su wahalar da kansu ranar Lahadi."

A nan na ji 'yar ƙarar da na fi kowa sani. Na ɗago. Kunkuru ne ya fito daga ƙofar ɗakina, yana tafe a kan tayil ɗin baranda hankalinsa kwance, yana barin jiƙaƙƙen layi a bayansa. Ya zo ya daki gefen buzun Baba, ya ja da baya, ya kewaye. Baba ya janye ƙafa yana salati. A bayansa ga Inna, ashe ta zagaya ɗakina ban gani ba. Ba ta iya ɗaukarsa, da ƙafa ta turo shi, hannunta ɗaya a bango.

"Ga wanda ya shiga ɗakinka, Malam," ta ce. "Ba yaron mutane ba. Kuma ni na ba shi izini."

Baba ya gyara zama. Ya kalli Kunkuru, ya kalli Inna, ya kalle ni. Na danne maɓallin ya tsaya, na fara bayani ina haɗiye kuka: shara yake yi, goge ƙasa yake yi, daga shagon Musaddiq ya fito, ni na shigo da shi, kuma duk inda ya bi yana zanawa a waya. Na nemo hoton nan na miƙa da hannu biyu.

Baba ya riƙe wayar nesa da fuska saboda ba tabarau. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora yatsa.

"Nan ɗakina ne."

"E, Baba."

"Nan na uwarki. Nan kuma naki, ga inda kike kwanciya." Ya ɗago. "Kuma duk wannan yana aljihunsa, yana yawo da shi a kasuwa."

Wallahi sai a lokacin na ji nauyin abin. Wata biyu ina ganin taswirar nan abin dariya ce. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya miƙo mini wayar, tasbaharsa ta zame daga cinyarsa ta faɗi a tayil, kusa da ƙafar Inna. Tun ina yarinya, abin Baba bai taɓa faɗuwa ya ɗauka da kansa ba in Inna tana wurin. Jiya ma ba ta yi tunani ba, ta tafi za ta sunkuya. Ta kai rabi ta tsaya cak, ta cije leɓe, wani ɗan nishi ya kuɓuce mata. Na zabura na riƙe ta.

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki tasbaharsa. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Tun yaushe, Hajiya?"

"Tun kafin babbar sallah."

"Ina zaune ina yaba miki shara."

Ladan ya kira magariba, Baba ya naɗe buzunsa ya fita masallaci. Tuwon da na kai masa ma haka na ɗauko shi a rufe.

Yau da safe, bayan gari ya waye, wata ƙara ta fito da ni daga ɗaki. Tsintsiya ce. Ba irin sharar Inna ba mai tafiya a jere, wannan a hargitse take, a ja nan a tsallake can, a daki ƙafar gado. Daga ɗakin Baba take fitowa. Na leƙa wurin Inna, tana kwance ta juya fuska bango, idonta biyu, kafaɗarta tana motsi. Na ce "Inna", ta ɗaga mini hannu alamar in bar ta.

Can Baba ya fito. Mutumin da dattawa suke durƙusa wa a zaure, ga shi da guntuwar tsintsiya a hannu, ya naɗe hannun jallabiya, gumi a goshi. Ya tara ɗan dattin a bakin ƙofa ya rasa yadda ake kwashewa. Na matsa zan karɓa, ya ce in bari.

"Na yarda yaron nan bai shigo da ƙafarsa ba," ya ce, bai kalle ni ba. "Ki gaya masa ya zo bayan la'asar. Shi kaɗai, da wayar. A gabana zai fitar mini da gidana daga cikinta. Gobe kuma da sassafe zan kai uwarki asibiti Katsina."

"To, Baba."

Maganar Lahadi tana cina, amma ina bakin tambaya? Na juya zan tafi ya sake kirana, wannan karon da sunan gida.

"Khairi."

"Na'am, Baba."

"Ban aika Zango ba tukuna. Ke zan fara ji. Abin nan naku ya iya shara, na gani, ya fi ni iyawa. Amma ranar da ta durƙushe a ƙofar nan, ke kika ɗaga ta. In kin tafi, wa zai ɗaga ta? Ki yi tunani, in na sallami yaron sai ki ba ni amsa."

Tun lokacin nake zagaye gidan nan. Musaddiq ya turo saƙo ya fi ashirin, na ƙarshe cewa ya yi: "Duk abin da Malam ya ce zan yi, ke dai kada ki sake ni." Inna kuma ɗazu da na kai mata koko ta riƙe mini gefen zane, ta ce, "In kika ce kin fasa saboda ni, ban yafe wahalar da na sha ba." Kunkuru yana cikin wani kwali a bakin zaure, Baba da kansa ya sa shi, ya ɗaure da igiya.

Ina son Musaddiq, ban taɓa ɓoye muku ba. Amma tun safe duk sanda na rufe ido, ba shi nake gani ba, Inna nake gani ta kai rabi ta tsaya.

An idar da la'asar. Ga ƙarar babur ɗinsa nan ta tsaya a ƙofar gida, na ji ya yi sallama, Baba ya amsa. Ni kuma har yanzu ban san me zan ce ba.